Tsarin Glyn Johns

Tsarin Glyn Johns hanya ce ta naɗar sautin gangunan zamani da makirfo uku ko huɗu kacal. Sunan ya samo asali daga injiniyan sauti ɗan Ingila, Glyn Johns, haifaffen 1942, wanda ya yi aiki da Led Zeppelin da Rolling Stones.

Akan rataye makirfo ɗaya bisa ƙaramar ganga, a kafa na biyu a gefen makaɗi, tazararsu daga gangar daidai, don sautinta ya iske su lokaci guda. Na uku yana gaban gangar ƙafa. An fi zaɓar makirfo irin na kondensa don biyun farko. Da yake suna nesa da fata, amon ɗaki na shiga naɗin, shi ya sa ake son ɗaki mai faɗi da dogon rufi.