Mazan Jiya na Yaƙin Boma

A tsoffin unguwannin Gombe irin su Herwagana, da wuya yanzu a tarar da dattijon da ya ga Yaƙin Boma da idonsa. Ƙasa ta rufe kusan dukkansu.

Da yawa daga cikin sojojin da suka yi yaƙin ba 'yan Najeriya ba ne. Daga ƙasashen da Faransa ke mulki, Nijar da Chadi, samari suka riƙa tsallakowa suna shiga sojan Ingila, inda Hausa ce harshen bariki. A Boma, rundunarsu ta 81 ta gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944, sojoji na ratsa kurmi da kaya a ka, abinci kuwa daga jirgin sama ake jefo musu. Ta 82 ta biyo baya, aka karɓe Myohaung a Janairun 1945.

Bayan sallama a 1946, wasu ba su koma gida ba. Gombe, wadda sarauta ta ƙauro cikinta daga Nafaɗa a 1919, tana bunƙasa da auduga, tana karɓar baƙi. Tsohon soja kan samu gadi, ko tuƙi, ko aikin ɗan doka, ya yi aure, ya tara iyali.

Abin takaici, ba a rubuta tarihin yawancinsu ba. Lambobin yabonsu na nan a ƙasan adaka, jikoki ba su san na wane fage ba ne.