Murɗaɗɗun Siffofin Nano daga Kofolima mai Tubala

Murɗaɗɗun siffofin nano wasu ƙananan gine-gine ne masu kama da sifirin, waɗanda ake auna kaurinsu da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Suna samuwa ne idan kofolima mai tubala ta tsara kanta da kanta. Wannan kofolima doguwar sarƙa ce ta polima iri biyu ko uku da aka ɗaure baki da baki. Sassan ba sa gauraya, kamar mai da ruwa, amma ɗaurin ya hana su rabuwa, sai su jeru a matsayin faifai, sanduna, ƙwallaye, ko a wasu lokuta murɗaɗɗen zare.

A 1995, Udo Krappe da Reimund Stadler da Ingrid Voigt-Martin sun bayyana irin wannan siffa a Jamus. Sun ga polibutadayin ya nannaɗe sandunan polistairin a cikin wata polima mai suna PMMA, alhali babu ɗaya daga sassan ukun da ke da karkata ta dama ko hagu.

A 2004, ƙungiyar Rong-Ming Ho ta Jami'ar Tsing Hua da ke Taiwan ta haɗa polistairin da wata polima mai suna PLLA, ta samu zaruruwa masu murɗawa hagu. Da aka yi amfani da polimar PDLA a madadin PLLA, sai murɗin ya koma dama.

Ana kuma samun siffar ta hanyar matse kofolimar cikin siraran ramukan alumina. A kofolimar polistairin da PLLA kuwa, idan aka narkar da PLLA, murɗaɗɗun ramuka ne ke saura, kuma ana cika su da silika.