Kifin da ƙarar inji ba ta kora

Mai karatu, da za a ba ka fatsa a ɗora ka a jirgin ruwa mai inji, ina za ka saki kotonka? Nesa da ƙarar mana, za ka ce, ai kifi gudu zai yi. To haka masu kamun kifi a Arewacin Amurka suka daɗe suna ɗauka, har kifin maski ya ƙaryata su.

Maski, wanda masana ke kira Esox masquinongy, mafarauci ne dogo mai haƙora, babbansa kan kusa mita ɗaya da rabi. Gidansa koguna da tafkunan Amurka da Kanada, sunan kuma daga harshen Ojibwe ya samo asali. Wuyar kamu gare shi, har ana masa kirari da kifin jifa dubu goma. Shi ya sa da yawa suka gwammace ja da jifa: a saki koton bogi a bayan jirgi, jirgi na tafiya, koto na rawa kamar ɗan kifi mai rauni. Tun 1852 Julio Buel ya yi rajistar irin wannan koto, na ƙarfe mai siffar cokali. A lokacin da hannu ake tuƙi, shiru kake ji.

Sai Ole Evinrude ya fara sayar da ƙaramin injin jirgi a Milwaukee a 1909. Ƙara ta shigo, aka ƙara wa igiya tsawo don koto ya yi nesa da ita.

Wanda aka fi dangantawa da rushe wannan tunani shi ne Homer LeBlanc, mai yi wa baƙi jagorar kamun kifi a tafkin St. Clair, kusa da Detroit, a tsakiyar ƙarni na 20. Tafkin faffaɗa ne amma ba zurfi, matsakaicinsa mita uku da ɗan ɗori, ga ciyawa a ƙasa. Doguwar igiya a irin wannan wuri ciyawa take kwasowa. LeBlanc ya gajarta igiya, ya ɗaura mata dalma, ya ajiye koto taku kaɗan bayan farfela, tsakiyar kumfa, ya kuma ƙara gudu. Maski ya riƙa cafka. Ka ga, mu masu bincike a nan a baya muka zo. Mutumin ya riga mu da shekaru.

Me ya sa abin ke aiki? Da fari, babban maski ba shi da mai cin sa a ruwan, don haka jirgi bai cika razana shi ba. Masunta kuma na cewa farfela na rikita ƙananan kifaye, shi kuwa ya zo kalaci. Sannan akwai wani layi a gefen jikin kifi mai jin motsin ruwa. A 2001 John New da abokan aikinsa suka nuna cewa maski da ido yake hango abinci daga nesa, amma in ya matso, wannan layin na taya shi saita cafka. Ko wanda ba ya gani yana kamawa in abin na kusa. Kumfa ta rufe masa ido ke nan, amma ba ta ɓoye masa rawar koton ba.

Sai dai fa gajeriyar igiya ba ta da sassauci. In kifi mai kilo 15 ya daki koto jirgi na gudu, duk ƙarfin a sandar yake sauka. Wanda ya manta bai sassauta birkin abin naɗe igiyar ba, ko igiya ta tsinke, ko sanda ta karye, kifin ya tafi da ƙugiya a baki.