Harbin Sahu-Sahu

Harbin sahu-sahu dabarar yaƙi ce da mayaƙa ke jeruwa sahu bayan sahu, su saki wuta gaba ɗaya da umarnin shugabansu, sahu ɗaya na harbi, sauran na ɗuri. Da Ingilishi sunanta volley, daga kalmar Faransanci mai nufin tashi sama, kuma sunan ya shiga wasanni, inda yake nufin bugun ƙwallo tun ba ta taɓa ƙasa ba, kamar a tanis da ƙwallon raga.

Raunin bindigar dā ne ya haifi dabarar. Irin harba-ruga ce: sai an zuba albarushi ta baki, an tura harsashi, an danna da sanda. Ƙwararren soja bai wuce harbi biyu ko uku a minti ɗaya ba, saitinta kuma ba abin dogaro ba ne. Kafin ya gama ɗuri mai doki ya cim masa. Amma in mutum ɗari suka harba tare, wasu ɗari suka biyo baya nan take, wutar ba ta yankewa.

Sinawa sun riga kowa. Tun kafin bindiga suna jera maharban baka su harba bi da bi, kuma a 1560 Janar Qi Jiguang ya rubuta yadda za a yi haka da bindiga. A Turai, kwamandan sojan Holan Willem Lodewijk na Nassau ya rubuta wa ɗan'uwansa Maurits wasiƙa a Disamban 1594, ya zana masa tsarin: sahun gaba ya harba, ya koma baya ya yi ɗuri, na biye ya matso. Daga littattafan yaƙin Girkawa da Rumawa ya samo tunanin. Sarkin Suwidin Gustavus Adolphus ya rage yawan sahu, ya sa sahu uku su harba a tare, na gaba a durƙushe, kuma ya yi nasara a Breitenfeld a 1631.

Sirrin abin horo ne. Tsayuwa kafaɗa da kafaɗa cikin hayaƙi, na kusa da kai ya faɗi ba ka motsa ba, ka riƙe harsashinka har sai an ba da umarni, wannan ba ya samuwa sai da rawar soja ta kullum. A Kwibek, a 1759, sojojin Ingila sun bar Faransawa suka matso kusa ƙwarai kafin su buɗe wuta, cikin 'yan mintuna yaƙin ya ƙare.

Ƙasar Hausa ta ɗanɗana wannan dabara a 1903, kuma ɗanɗanon mai ɗaci ne. Bayan faɗuwar Kano, a watan Fabrairu, Wazirin Kano Ahmadu da baradensa suka yi karo da wata 'yar rundunar Turawa kusa da Kwatarkwashi, mutum ƙasa da 50 ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright. Sojojin suka yi dandali mai kusurwa huɗu, kowane gefe na fuskantar waje. Kanawa suka yi ta kawo sukuwa, wuta na mayar da su, har Waziri ya faɗi. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba. Doki da mashi ne ba su da hanyar isa ga sahun da ba ya daina harbi. Ranar 15 ga Maris aka maimaita haka a Sakkwato a gaban rundunar Sarkin Musulmi Attahiru, wannan karon har da igwa da bindiga mai ruwa. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne, hafsoshi kaɗai ne Turawa. Masu jan kunamar 'yan Afirka ne, da yawansu Hausawa, waɗanda aka horar har umarnin hafsa ya zame musu jiki.

A daidai wannan zamani dabarar ta fara gushewa a wasu fagagen. A yaƙin Bowa na Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, maharba da ke ɓoye da bindigogi masu cin harsashi da yawa da albarushi marar hayaƙi sun yi wa sojojin Ingila masu tafiya a jere mummunar ɓarna. Daga nan aka koya wa soja ya warwatsu, ya kwanta, ya zaɓi abin harbinsa da kansa, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya bindiga mai ruwa guda ɗaya ta ɗauke aikin da dā sai an jera sahu ake yi.