Ɗanyen ganye da busasshe a girkin Gobir

Musanya ɗanyen ganye da busasshe wata dabarar girki ce da mata ke bi gwargwadon abin da lokaci ya kawo. Ta zama ruwan dare a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na Jihar Sakkwato, yankin da tsohon birnin Alƙalawa yake, hedikwatar Gobir da ta faɗi a 1808. Damina a nan gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, saboda haka yawancin miyar shekara da busasshen kaya ake yin ta, in ban da abin da lambunan fadamar Gulbin Rima ke bayarwa da rani.

Sunaye

Wasu kayan miya suna sauya suna idan sun bushe. Ɗanyen ganyen albasa shi ne lawashi, idan aka daka shi aka dunƙule aka shanya sai ya koma gabu. Tumatirin da aka yanka aka busar kauɗa ake ce masa. Wasu kuwa sunansu ɗaya, sai dai a ƙara siffa, kamar ɗanyar kuɓewa da busasshiya. Yakuwa, wadda ake kira sure a karin harshen yankin, ana amfani da ita ta kowace fuska. Kuka galibi garinta ake kaɗawa.

Awo

Fiye da kashi 70 cikin 100 na nauyin ɗanyen ganye ruwa ne, shi ya sa busasshe kaɗan ke tsayawa a madadin ɗanye mai yawa. Littattafan girki na Turai da Amurka suna ba da ƙa'idar cokali 1 na busasshe a maimakon cokali 3 na ɗanye. A gidajen Gobir da hannu da ido ake awo. Garin kuka ko na kuɓewa idan ya yi yawa miya takan yi kauri fiye da kima, don haka ake barbaɗa shi kaɗan-kaɗan ana kaɗawa da maburgi, gudun kada ya yi gudaji.

Lokacin zubawa

Ɗanyen lawashi da ɗoɗɗoya da na'a-na'a ana zuba su dab da saukewa, domin ƙamshinsu na bin tururi. Gabu da kauɗa tun farko ake sa su tare da daddawa. Akan ɗan soya gabu kafin a daka, kauɗa kuma a jiƙa ta. Busasshen zogale da tafasa suna buƙatar jiƙo ko doguwar dahuwa kafin a kwaɗa su da ƙuli-ƙuli. Garin kuka ya saɓa wa wannan tsari, sai romo ya nuna ake kaɗa shi.

Ba kowane kaya ne ke karɓar musanya ba. Busasshiyar citta ta fi ɗanya zafi, domin bushewa na mayar da sinadarin gingerol zuwa shogaol. Gabu ma ɗanɗanonsa daban yake da na lawashi.

Abinci mai gina jiki

Shanya a rana tana rage bitamin C sosai, tana kuma kashe koren ganye. Shanya a inuwa, inda iska ke ratsawa, ta fi kiyaye launi da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Sinadaran ƙarfe da kalsiyam ba sa tafiya da bushewa. Ganyen da bai bushe sarai ba yana yin fumfuna a ajiya, kuma bai dace a ci shi ba.

Halin yau

Hare-haren 'yan bindiga a gabashin Sakkwato cikin shekarun nan sun hana mutane da dama zuwa gonaki da kasuwanni a kan kari. A irin wannan yanayi, kuka da gabu da busasshiyar kuɓewar da aka adana su ke riƙe tukunyar gida, tun da suna yin watanni ba su lalace ba muddin danshi bai taɓa su ba.