Samanja Mazan Fama da Abin da Kundin Sani Ya Bari a Baya

Da Alhaji Usman Baba Pategi ya rasu a watan Nuwamba na 2023, masu gyaran kundin sani sun hanzarta ƙara ranar rasuwarsa a ƙarƙashin sunansa. Tarihin mutumin ya cika: Banufe ne, jinin sarautar Pategi, haifaffen 1942, wanda ya sa kakin soja a zamanin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. To amma tarihin wasan da ya sa aka san shi fa?

Wanda zai gyara wannan babi sai ya fara da rediyo. A Kaduna aka fara jin muryar Samanja cikin shekarun 1970, kuma kunne ya riga ido saninsa, musamman a nan Maraɗi da Damagaram inda Rediyon Kaduna ke isowa ba tare da tambayar iyaka ba. Hukumar talabijin ta NTA ma sai a 1977 aka kafa ta.

Sa'an nan sai lokacin. Soja ne ke mulkin Nijeriya daga 1966 zuwa 1979, suka sake dawowa a ƙarshen 1983. Cikin wannan hali ne wani soja ya riƙa fitowa yana zare ido, yana daka tsawa, talaka kuwa na dariya har da hawaye. Kakin da ake tsoro a kan hanya, shi ne ake yi wa dariya a tsakar gida. Mu da muka tashi a zamanin Seyni Kountché, 1974 zuwa 1987, mun san nauyin irin wannan dariya.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malamin harshe shi ne Hausar barikin da Samanja ke yi: namiji ya koma mace, Turanci ya kutso tsakiyar jimla, karin sauti ya karkace. Sunansa kansa lafazin Bahaushe ne na muƙamin saje-manja. Wannan ba gurɓatacciyar Hausa ba ce kawai. Harshen da ya haɗa kuratan ƙabilu daban-daban ne tun zamanin Turawa. Babin da ya ce "wasan barkwanci ne" ya yi shiru, ya zubar da rabin tarihin.

Mu ma muna da irin wannan bashi. Janet Beik ta wallafa littafi kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar tun 1987, da Turanci. Wasannin su Yazi Dogo da Télé Sahel ta nuna, ƙungiyoyinmu ne ya kamata su zauna da dattawan da suka taka su, su rubuta wane ne ya fito a wane wasa, a wace shekara.