Tsare Mota da Tsare Rai: Tarihin Tuƙi a Bompai, Sharaɗa da Challawa

A ƙofar kusan kowace masana'anta a Bompai, Sharaɗa da Challawa akwai maigadi da littafinsa, yana rubuta lambar motar da ta shiga da wadda ta fita. Manyan motocin kamfanoni da dama suna ɗauke da na'urar bin sawu, an garƙame tankin mansu da kwaɗo, ƙananan kuwa da wuya a rasa su da ƙararrawar ɓarawo ko ƙarfen kulle sitiyari. Ba wata doka da ta tilasta wa kowa waɗannan abubuwa, amma ana aiki da su kullum, kuma yadda ya kamata. A cikin motocin nan dai akwai wasu kayan da aka ƙera domin kare ran mutum, irin su bel, jakar iska, matashin kai da birkin ABS, kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, duk da cewa doka ta tsaya a kan wasunsu. Tarihin waɗannan unguwanni uku yana nuna inda wannan bambanci ya samo asali. Kayan kariya ba ya amfanar kowa sai ya shiga cikin tarbiyyar sana'ar tuƙi, kuma wanda ke da ikon shigar da shi shi ne ubangidan mota, fiye da jami'in da ke tsaye a bakin titi.

Bompai ce babba a cikin ukun, kuma da jirgin ƙasa ta girma. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa a kansa har aka san birnin da dalar gyaɗa, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna. A ƙarshen zamanin Turawa aka fara kafa masana'antu a gabashin birni, inda ake matse man gyaɗa, ake yin sabulu, turare, alewa da kwanuka. A wancan lokaci aikin babbar mota gajere ne: ta kwaso amfanin gona daga ƙauye ta kawo tasha, jirgi ya ɗauki doguwar tafiya zuwa Legas. Motocin masu bodin katako ne, ba su da gudu sosai, kuma ba su da wani kayan kariya in ban da birki, oda da waigin katako da yaron mota kan dira da gudu ya cusa a bayan taya in an tsaya a gangare. A kan irin waɗannan motoci aka gina tsarin koyon tuƙi da har yau ake bi: yaro ya shiga hannun direba, ya wanke mota, ya ɗaure lodi, ya canja taya, ya yi shekaru yana kallo kafin a miƙa masa sitiyari.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka shiga shekarun arzikin man fetur, Bompai ta cika, aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, daga baya kuma Challawa a hanyar Panshekara, kusa da kogin da ta ci sunansa, inda majemu da kamfanonin lemon kwalba suka zauna. A daidai wannan zamani jirgin ƙasa ya fara ja da baya, sai tirela ta gaji aikinsa, ta riƙa ɗaukar kiraga da yadi da robobi a tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa bakin teku. Gwamnati ta kafa kamfanonin harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Steyr a Bauchi, da National Truck Manufacturers a nan Kano mai haɗa motocin Fiat. Direbobin wannan zamani sun nuna cewa suna iya koyon sabon abu gaba ɗaya in an tsaya an koya musu. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, kamar maƙwabtanta Nijar, Chadi da Kamaru, bayan an daɗe ana faɗakarwa ta rediyo da tashoshin mota. Ɗabi'ar da ta yi shekaru a hannun mutane ta sauya, domin kowa ya gane cewa wanda bai sauya ba zai yi taho-mu-gama. Saboda haka zancen cewa direban Kano ba ya karɓar canji bai da tushe.

Gurbin da ke tsakanin kayan kariya da tarbiyyar tuƙi ya buɗe ne daga 1986, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira. Masana'antu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, kasuwa ta koma hannun 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam, wato motocin da aka gama mora a Turai da Amurka. Waɗannan motoci sun zo da fasahar da aka daɗe ana tacewa a can. Injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya fito da bel mai ratsa ƙirji da ƙugu a 1959, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Mercedes-Benz da Bosch suka sa birkin ABS na lantarki a kasuwa a 1978. Kayan sun iso Kano, amma bayanin aikinsu bai biyo su ba, domin ba dillalin kamfani ne ya sayar da motar ba, littafinta kuwa ko ya ɓata ko yana cikin Jamusanci. Maigidan da ya koyi tuƙi a tsohuwar mota ya koya wa yaronsa famfa birki in hanya ta yi santsi, alhali ABS so yake a danne shi da ƙarfi a riƙe, ko da feda tana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafa, a ci gaba da juya sitiyari. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, sai rewaya ya cire ƙwan maimakon ya nemo ciwon. Motar da jakar iskarta ta taɓa fashewa a ɗinke murfin a sayar da ita kamar lafiyayya. Matashin kai, wanda ke hana wuya karyewa in an daki mota ta baya, a cire shi don a ji daɗin hira da na baya.

Hukuma ta yi ƙoƙarin cike gurbin da doka. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. A farkon 2003 ta fara kama masu tuƙi ba bel, a 2017 ta tsananta batun na'urar ƙayyade gudu a motocin haya da na dakon kaya. Jihar Kano ma ta kafa tata hukumar kula da zirga-zirgar motoci, KAROTA, a 2012. Ba za a ce ƙoƙarin ya tashi a banza ba, domin yau ba direban da bai san bel wajibi ne ba. Amma abin da tsoron tara ke haifarwa yana da iyaka. Ana jawo bel a ɗora a kafaɗa in an hango shinge, a sake shi da an wuce. Wasu kan ɗaure shi ta bayan kujera su zauna a kai don ƙarar gargaɗi ta yi shiru, ba su san cewa jakar iska an ƙera ta ne ta yi aiki tare da bel ba, kuma tana iya raunata wanda ta tarar yana tahowa gaba ba a ɗaure ba. Na'urar bin sawu ba a yi mata wannan wasa, saboda mai mota da kansa ke duba ta a wayarsa, kuma direba ya san za a tambaye shi in ta mutu.

Masu musu na farko sukan ce ajali in ya zo bel ba ya tare shi. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake, amma malamai sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi, kuma mutumin da ke kulle sitiyari da dare bai bar motarsa ga ƙaddara ba. Wasu kuma tsoronsu shi ne bel ya riƙe su in mota ta kama da wuta ko ta faɗa ruwa. Amsar ita ce wanda bel ya hana kansa bugun gilashi shi ne ke da hayyacin kwance shi ya fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Nijeriya ta ga misali mai ciwo ranar 6 ga Maris 2016, lokacin da taya ta fashe wa motar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya rasu tare da matarsa da ɗansa. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ya nuna cewa motar ta watso ministan da ɗansa waje daga kujerar baya domin ba su ɗaure ba, na gaba kuwa da suka ɗaure sun tsira. Mota ce mai tsada, cike da kayan kariya, kuma a kujerar da manya ke zama aka yi asarar.

Musu na biyu ya fi nauyi: talauci da lalacewar hanya. Wanda ke fama da kuɗin man dizil da na janareta ba ya iya sayen sabuwar taya duk lokacin da ake so, shi ya sa yake zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa neman ta hannu, kuma ramukan da manyan motoci suka haƙa a titunan cikin Sharaɗa da Challawa ba laifin direba ba ne. Wannan magana tana da gaskiya, kuma gyaran hanya haƙƙi ne a kan gwamnati. Sai dai yawancin abin da ake sakaci da shi ba ya cin ko kwabo. Ɗaura bel kyauta ne. Kowace taya tana ɗauke da lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, karanta su kafin a biya kuɗi ba ya buƙatar jari. Haka jiran iskar birkin tirela ta cika kafin a tashi, da tsiyaye ruwan da ke taruwa a tankin iskar, da sauka gangare da ƙaramar giya, da kulle kwantena a kusurwoyinta huɗu, da mayar da yara kujerar baya a danna makullin da ke hana su buɗe ƙofa. Alamar gargaɗi mai kusurwa uku tana walƙiya da dare, ganyen da ake zubawa a titi ba ya yi. Mummunar hanya da tsohuwar mota ƙarin dalili ne na kiyaye waɗannan.

Saura tambayar dalilin ɗora nauyin a kan masu masana'antu. Na farko, su ne suka riga suka san wannan tarbiyya. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, kuma ba manajan kirki da zai bar ma'aikaci ya cire murfin inji don yana jin zafi. Tirela ma injin kamfani ce, bambancinta kawai tana fita ta gauraya da 'yan Adaidaita Sahu da masu tafiya a ƙasa. Na biyu, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta lissafa haɗarin da ya sami ma'aikaci a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki cikin abin da ake biya, wato doka ba ta ɗauki ƙofar kamfani a matsayin iyakar alhaki ba. Na uku, kayan aikin suna hannunsu: na'urar da ke nuna inda mota take tana nuna gudun da take yi, kuma wanda ke biyan direba bisa yawan sawu shi ke koya masa gudu da tuƙi cikin gyangyaɗi. Tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawachiki a 2023, daf da Challawa, ana sa ran ƙarin manyan motoci a wannan yanki. Kamfanonin Bompai, Sharaɗa da Challawa da ƙungiyoyin direbobi suna iya sa duba birki, taya, fitila da bel ya zama sharaɗin fita da mota, su daina hukunta direban da ya ƙi tashi da mota mai matsala, su kuma tabbatar ba a miƙa wa yaron mota sitiyari sai ya san aikin kowane abu da ke cikinta. Yaran da ke wanke tireloli yau su ne za su koyar da direbobin shekaru ashirin masu zuwa, kuma abin da aka nuna musu yanzu shi za su isar.